Kaskon Ruwa a Gindin Magarya: Lacca Kan Janyo Tsuntsayen Daji Cikin Gida

    

Da labari ya bazu cewa zan zo Bodinga in yi magana a kan tsuntsaye, wani abokina manomi daga Shagari ya tare ni ya ce, "Malam, kai ko kunya ba ka ji? Mu muna ta neman yadda za mu raba su da gonakinmu, kai kuma za ka tara jama'a ka koya musu yadda ake kiransu har cikin gida?" Yana nan zaune cikinku, ba zan nuna shi ba. Maganarsa tana da nauyi, kuma ba zan sauka ba sai na biya shi bashin amsa. Amma ku bar ni in fara da kakata.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar nan da ta ratsa Bodinga ta wuce Shagari ta nufi Tambuwal. A tsakar gidanmu akwai magarya, a gindinta kuma kakata ta girke kaskon wata tukunya da ta fashe, ta tokare shi da duwatsu uku kamar murhu. Kullum da asuba, kafin ta ɗora kunu, sai ta cuɗe kaskon da toka, ta ɗauraye, ta zuba masa ruwa daga randa. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da mata ke kwana a bakin rijiya, ba ta fasa ba. Ni kuwa a idona ba abin da ta ajiye mini sai tarko na banza. Wata rana na laɓe bayan rumbu da gwafata, kurciya ta sauka, na ja danƙo ke nan sai na ji an kama mini kunne ta baya. Ta ce, "Kai ɗan nan, bar su su sha. Baƙin Allah na. Wanda ya zo shan ruwa gidanka ba a halbinai." Na daɗe ina zaton tausayin tsufa ne kawai. Sai da na yi karatu, na kuma yi nawa kurakuran, na gane tsohuwar ta riga littattafaina sanin abin da tsuntsun ƙasar nan ya fi buƙata.

A Ingila da Amurka ciyar da tsuntsayen daji babbar sana'a ce. Akwai shaguna masu sayar da tsabar tsuntsu a buhu, da 'yan akwatunan da ake ratayewa a reshe. Su filinsu yana bayan gini ne, can suke yin abin. Mu nan in ka ce wa mutum kana ciyar da tsuntsaye a bayan gida, dariya zai yi maka, don haka mu tsaya a tsakar gida da garka. Dalilin Bature a fili yake: in hunturunsu ya kama, ƙanƙara takan rufe ƙasa, tsuntsu ya rasa abin da zai tsattsaga, sai yunwa da sanyi su kashe shi. Wanda ya kwaso wannan tsari ɗungurungum ya kawo Sakkwato ya yi aikin baban giwa. Tsabar ciyawa tana nan zube a dajinmu tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Abin da ke ƙarewa shi ne ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin nan yakan haura digiri 40, tafkuna sun ƙafe, fadama ta tsattsage. Tsuntsun da ke kusa da madatsar ruwa ta Shagari ya tsira, shi ya sa ba ka rasa balbela da zalɓe a can. Na tudu kuwa sai dai ya bi inda aka zubar da ruwan alwala.

Tsuntsu ba ya gumi kamar mu, ba shi da kafofin zufa. In zafi ya dame shi sai ya buɗe baki yana haki, maƙogwaronsa na kaɗawa, kuma wannan hakin ruwan jikinsa yake ƙonawa. Masu cin ƙwari suna samun ɗan danshi daga abincinsu. Masu cin busasshiyar tsaba, irin su kurciya da bardo da gwara, dole su nemi ruwa kusan kullum. In kun ajiye kasko ku zauna ku lura da wani abu da na tabbata yawancinku ba ku taɓa kula da shi ba. Kaza da gwara sukan ɗebi ruwa a baki su ɗaga kai sama ya gangara. Kurciya da hasbiya da tattabara kuwa tsoma baki suke yi su zuƙa kamar doki, ba ɗaga kai har su ƙoshi. Cikin ɗan lokaci kurciya ta gama ta tashi, don ta san bakin ruwa nan ne shaho ke jiranta.

To, yaya ake ajiye kaskon? Kada ya yi zurfi. Gaɓa biyu ta yatsa ta isa, domin ƙananan tsuntsaye wanka suke yi a ciki, kuma in ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa ba ba za su shiga ba. Bokiti ko baho mai santsi kabari ne gare su. Wanda ya taɓa tsamo gawar ɗan tsuntsu daga durom ya san abin da nake faɗa. Kaskon yumɓu ya fi kwanon roba da na ƙarfe, don yana da kaushin da farce zai kama, kuma yana sanyaya ruwa kamar randa. A jefa dutse ɗaya ko biyu a ciki su ɗan leƙo sama. A sa shi a inuwa, a ɗaga shi bisa kututture ko guntun turmi. Sai maganar kyanwa, wadda ita ce babbar abokiyar gaba cikin gida. Kaskon ya kasance kusa da itace mai ƙaya da tsuntsu zai faɗa ciki in ya firgita, amma kada a jingina shi da tarin kara ko itacen girki inda mussa za ta laɓe. Taku uku ko huɗu na fili tsakani ya wadatar. In kana son su gano wurin da wuri, rataye tsohuwar buta mai yoyo a reshe ta riƙa ɗiga cikin kaskon. Ƙarar ɗigon da ƙyallinsa suna kiran tsuntsu daga nesa. Sannan haƙuri: wani gidan kwana biyu sun zo, wani sai an yi mako biyu ana zuba ruwa rana na shanyewa.

Tokar da kakata ke cuɗa kaskon da ita, a nan zan ɗan daɗe, don nan ne alheri ke komawa cuta. Wurin da tsuntsaye da yawa ke sa baki ɗaya bayan ɗaya, nan ciwo ke yaɗuwa. Masu kiwon tattabaru a cikinku sun san ciwon nan da ke fitar da wani abu rawaya-rawaya a cikin bakin tattabara har ta kasa haɗiya. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune a maƙogwaron dangin kurciya, tana bin yawu ta shiga ruwa. A Birtaniya, daga shekarar 2005, wannan cuta ta tsallaka ta kama wani ɗan koren tsuntsu mai cin tsaba wanda a da kowane lambu yana da shi. A wuraren ciyarwar da masoyansa suka tanadar masa ya riƙa ɗaukarta. Yawansa ya ragu da fiye da rabi, har a 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Mutanen da suka kashe kuɗinsu don son tsuntsun, da hannunsu suka taimaka wa ajalinsa. Saboda haka kullum a zubar da ruwan jiya, a cuɗe, kuma ko sau ɗaya a mako a kife kaskon a rana ya bushe ƙayau, don ƙwayar ba ta jure bushewa. Wannan kuma ya kashe maganar sauro, wanda ke buƙatar kusan mako guda a cikin ruwa kafin ya yi fiffike. In ka ga tsuntsu ya kumbura gashi ya kasa tashi daga bakin kaskon, ɗauke kaskon gaba ɗaya na mako biyu.

Kada kuma a haɗa wurin shan tsuntsun daji da na kaji. Ba mu manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, da irin asarar da masu kiwo suka tafka. Akurki yana kusurwa guda, kasko yana wata, kuma tun da an ɗaga shi sama kaza ba za ta dame shi ba. Yaro ya tsinci mataccen tsuntsu, a hana shi wasa da shi, balle gashi.

Yanzu tsaba. Nan zan tona wa kaina asiri. Shekarar da na gina gidana, zumuɗi ya ɗebe ni, na riƙa watsa rabin tiya na gero a tsakar gida kowace safiya, ina jin kaina wani babban mai kyauta. Mako na farko abin gwanin sha'awa. A na uku tattabarun unguwa kaf sun gane gidan, sun kori duk ƙananan da nake so in gani. Abin da ya rage da dare ɓeraye suka gaje shi, gafiya ta haƙa rami a gindin katanga, kuma wata magariba uwargida ta yi kiciɓis da maciji a bakin madafa, ya biyo ɓerayen. Ranar na sha magana, kuma ban da bakin ramawa. Ɓera a gida ba abin wasa ba ne, ku tuna ta hanyarsa zazzaɓin Lassa ke shiga mutane. Tun daga nan ma'aunina tafin hannu ɗaya ne, da sassafe, a kan faifai ko tsohon tire, yadda kafin hantsi an cinye. In an yi saura, gobe a rage. Ba sai an taɓa rumbu ba ma. Tsakin da ya fita wajen bakace, da abin da ya zuba a masussuka, da dussa, sun ishe su. Ƙananan tsuntsaye sun fi son tsaki a kan ƙwayar dawa, don bakinsu bai iya fasa ta.

Yaushe tsabar ke da amfani? A da ni ma ina cewa tsakiyar rani. Wani masani ɗan Birtaniya, Peter Ward, wanda ya yi nazarin abincin jan baki a yankin Tafkin Chadi ya kuma wallafa sakamakonsa a 1965, ya nuna cewa yunwar masu cin tsaba a farkon damina take. Ruwan farko na sauka, tsabar ciyawar da ke zube a ƙasa sai ta tsiro gaba ɗaya, abinci ya koma ganye cikin 'yan kwanaki, kuma sabuwar tsaba ba za ta nuna ba sai bayan makonni. Gina da ke fitowa bayan ruwa takan ɗan rufa musu asiri na kwana kaɗan, daga nan sai wahala. Ashe tsuntsu da talaka lokacin yunwarsu ɗaya ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Don haka daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina ne tafin hannun naka ke da daraja. Da kaka kuwa ka riƙe abinka, daji ya fi ka arziki.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a mai da tsuntsu juji. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna, wadda ka ƙi ba iyalinka, guba ce gare shi fiye da kai. A 1960 talotalo kusan dubu ɗari suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar ƙulin gyaɗa ne mai funfuna da aka shigo da shi daga Brazil, kuma daga nan ne duniya ta san gubar da ake kira afalatoksin. Sauran tuwo mai miya da gishiri da mai shi ma ba nasu ba ne.

To, abokina na Shagari, ga ni gare ka. Jan baki bala'i ne, ban musa ba. An ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi, ba wani tsuntsun daji a duniya da ya kai shi. Kowane ɗaya yakan ci kimanin giram 10 a rana. Ka lissafa: garke mai miliyan biyu zai share tan 20 kafin rana ta faɗi, buhu ɗari biyu ke nan, ban da wanda ya kakkaɓe ƙasa. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar shinkafa a fadamar Rima ko ta Kebbi yana kaɗa gwangwani tun asuba har muryarsa ta dishe, ba ya son a yi masa waƙar tsuntsu. Kabare ma, duk da gwanintar saƙarsa, ba waliyyi ba ne a gonar gero. Amma ka tambayi kanka, garken da ke rufe rana kamar hadari, kaskon ruwan gaɓa biyu ne ya kawo shi? Jan baki yana bin ruwan sama da tsabar ciyawa ne a kan tafiyar ɗaruruwan kilomita, yana kwana a cikin ƙaya da kyauro na fadama, yana sha a gulbi. Binciken Ward ɗin nan ya nuna asalin abincinsa tsabar ciyawar daji ce. Ko kowane gida a Bodinga da Sifawa da Danchadi ya ajiye kasko, ba zai ƙara wa garken nan ko fiffike ɗaya ba, kuma ko duk mun fasa kaskonmu ba zai rage shi ba. Masu zuwa tsakar gida daban ne, kuma da yawansu ma'aikatanka ne da ba ka biya. Ko gwara mai cin tsaba, in ta ƙyanƙyashe, da tsutsa da fara take ciyar da 'ya'yanta.

Ƙasar Sin ta gwada abin da zuciyarka ke raya maka. A 1958 gwamnatin Mao ta sa gwara cikin abokan gaba huɗu da za a ƙarar, tare da ɓera da ƙuda da sauro. Gari guda zai fito da tukwane da ganguna, a yi ta kaɗawa, a hana tsuntsu sauka har ya faɗo don gajiya. Sun yi nasara ƙwarai. Sai fara da ƙwari suka samu gona ba mai tsaro, abin ya haɗu da sauran kurakuran shekarun, aka shiga yunwar da ta kashe miliyoyin mutane. A 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo a gurbinta. Mu ma muna da namu ƙaramin salon. Maganin da jirgi ke fesa wa jan baki a makwancinsa, fentiyon, ba ya tambayar suna kafin ya kashe. Shirwa da mujiyar da suka ci gawar su ma sun tafi, kuma ina jan kunnen masu zuwa da buhu su kwashe matattun don a soya. Ban ce a bar jan baki ya cinye gona ba. Cewa na yi, don kura ta ci akuya ba a ƙone daji da zomayen ciki.

Ruwa da tsaba baƙunta ce ta yini. In kana son baƙon ya tare, sai itace, kuma a nan zan taɓa wani da kowa ke ƙauna. Dogon yaro ya yi mana rana. Daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, ya jure farinmu, ya ba Sakkwato inuwar da take taƙama da ita. Amma ku zauna a gindinsa ku saurara, sannan ku je gindin gawo da rani ku saurara. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Leo Zwarts, da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna bin itatuwan Sahel ɗaya bayan ɗaya, dubu ɗaruruwa, suna ƙirga tsuntsayen da ke kai, suka fitar da sakamako a 2015. Sun tarar tsuntsaye masu cin ƙwari suna da zaɓe ƙwarai: sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya irin su gawo da danginsa, dogon yaro kuwa kusan fayau. Dalilin kun riga kun san shi, ko ba ku haɗa shi da wannan ba. Me ya sa muke zuba ganyen dogon yaro cikin rumbu? Don ɗacinsa na korar ƙwari. To itacen da ƙwaro bai ci, me tsuntsu zai nema a kai? 'Ya'yansa dai akwai masu sha, da jemage, shi ke nan. Gawo kuwa da ƙaya yake kare kansa, ganyensa cike da tsutsa, ga shi yana yin ganye da fure da rani lokacin da kowa ya kaɗe. Ban ce a sare dogon yaro ba, kada a kai ni ƙara. Cewa nake, in za ka dasa na biyu, dasa magarya ko kurna ko aduwa, ka yi shinge da bagaruwa ko lalle, in fili ya isa ka sa ɓaure ko cediya. Zogalen da ke bayan ɗaki ma, a bar wasu rassa su yi fure, sha-kauci zai zo.

Wasu baƙin da ke sauka a kan waɗannan itatuwa daga Turai suke. Akwai wani mai farin maƙogwaro, nauyinsa bai wuce giram 15 ba, yana ƙetare Sahara ya yi rani a wurinmu. A bazarar 1969 masu ƙirga a Birtaniya suka wayi gari fiye da rabinsu ba su koma ba. Da aka bincika, farin da ya fara a Sahel a 1968 ne ya cinye su, farin nan da ya yi ta tsananta har ya kai mu ga yunwar 1973 da dattawan da ke nan suka gani da idonsu. Kafin ya tunkari hamada sai ya tara kitse da ƙwari da 'ya'yan itace. Magaryar gidanka tana iya zama tasharsa ta ƙarshe.

Ba sai an jira gwamnati ta kawo dashe a leda ba. Maƙwabtanmu na Maradi, tun daga shekarun 1980, suka koma barin kututturan da ke tohowa a gona, suna zaɓar reshe mai ƙarfi su sassabe sauran, abin da suke kira sassaben zamani. Tsakanin Maradi da Damagaram an ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo ta wannan hanya. Kuma a garin nan da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, ga Sifawa nan kusa inda Shehu ya yi shekaru yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ba ni ne zan koya wa kowa hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito ba, wanda ya nuna ladar sadaka ga mai dashe da mai shuka a kan duk abin da aka ci daga ciki. Abin da kawai zan tuna muku, cikin masu cin da aka lissafa, tsuntsu aka fara ambata.

Gidajenmu ma sun canja, mun kori wasu ba da niyya ba. Akwai ɗan mitsitsin jan tsuntsun nan, namijin ja, macen ruwan ƙasa, wanda ke shiga har ɗaki yana tsince a gindin turmi ba ya tsoron kowa. A gidanmu baiwar Allah muke ce masa. A cikin jinka da danga yake sheƙa. Mun cire jinka mun sa kwano, mun cire danga mun sa bulo, mun malale tsakar gida da siminti, sai muka ce tsuntsayen sun yi ƙaura. Ina za su zauna? Shi wannan tsuntsu yana da wani abin al'ajabi. Akwai wani ɗan baƙi mai sheƙi da ba ya gina sheƙa sam, macensa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai. Ɗan da aka ƙyanƙyashe, zanen cikin bakinsa iri ɗaya ne da na 'ya'yan gidan, uwar riƙo ba ta bambancewa, kuma in namiji ne ya girma da kukan uban riƙonsa. Ka ga a nan karin maganar da ta ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi ta gamu da gardama, sai dai mu ce gidan da ya tashi. Kirarin da muke yi wa hankaka kuwa, mai da ɗan wani naka, masana sun tabbatar da tushensa: akwai tsuntsun da ke saka ƙwai a sheƙar hankaka, shi kuma ya yi ta reno. Kakanninmu ba a banza suke magana ba, kallo suka yi.

Gyaran mai sauƙi ne. A bar kusurwa guda ba siminti, ciyawa ta fito ta yi tsaba. A bar rumbun kara ko 'yar rumfar zana. Tsohuwar tukunya ko ƙwarya a rataye ta ƙarƙashin indararo, nesa da hannun yara, kamar yadda ake yi wa tattabaru. A Istanbul magina na zamanin Usmaniyya har 'yan gidajen tsuntsu suke sassaƙawa a jikin bangon masallaci, suna nan har yau. Tsohon itace mai kogo kuma, in bai yi barazanar faɗowa kan ɗaki ba, a ƙyale shi. A irin wannan kogo cilakowa ke shiga ta liƙe ƙofa, ta bar 'yar tsaga, namijin ya yi ta kawo mata abinci har ta ƙyanƙyashe.

Malaman makaranta, yaro mai gwafa naku ne. Duka ba ya raba shi da ita, ni shaida ne. Amma yaron da ya iya laɓe ya jira kurciya rabin sa'a, ya fi kowa a ajinku ido da haƙuri. Ba shi littafi da fensir, ka ce kowace Asabar ya zauna sa'a guda gaban kasko ya rubuta wa ya zo, su nawa, da wane lokaci. A Birtaniya haka aka fara da yara a 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki, kuma har yau kowane ƙarshen Janairu ɗaruruwan dubban mutane na zama sa'a guda suna ƙirga. Shi kansa marigayin, Allah ya jiƙansa, malamin kimiyya ne kafin siyasa ta ɗauke shi. A ƙasar nan an san tsuntsaye iri fiye da 900. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, kuma matasan Arewa masu sa-kai suna cikin masu tura mata bayani ta wayar hannu. Ɗan Bodinga ko Shagari ba abin da zai hana shi shiga. A haɗa har da sunayen, yaro ya tambayi kakarsa, don sunan da ake kiran tsuntsu a Yabo ba lalle shi ne na Kano ba, kuma tsofaffin suna tafiya da su.

Rashin rubutawa ne ya sa ungulu ta ɓace mana ba mu ankara ba. Wa zai iya faɗin shekarar da ya daina ganinta a mahauta? Tsuntsuwar da muka raina, muke jifa, ga shi tun 2015 hukumar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu sayen kanta don tsibbu. Ba na so shamuwa ta bi ta haka. Ita ba ta shan kaskonka, ba ta cin tsakinka. Fara da tsutsa take bi a gona. Abin da take nema a wurinmu dogon itace ne a tsakiyar gari, tsamiya ko kuka ko gawo, da mutanen da ba za su taɓa ƙwanta ba. Takan iso gab da faɗuwar ruwa, ta yi 'ya'ya, da kaka ta nufi kudancin Afirka. Da muna yara, ranar da aka fara ganinta tsofaffi ke sa a fito da iri a duba.

Don haka ina da roƙo ga dattawan da ke nan. Na zo da littafi. In an tashi, bayan an yi La'asar, zan zauna a bakin ƙofar can. Duk wanda ya san itacen da shamuwa ta yi sheƙa a kai bara, a garinsu ko a ƙauyensu, ya zo ya faɗa mini sunan garin, da irin itacen, da sheƙa nawa ya gani. Wanda kuma ya san itacen da take sauka a da amma an sare, shi ma ina son jin shekarar. Shugaba, na ga abokina na Shagari tun ɗazu yana ɗaga hannu, a fara ba shi dama.